Ɗakin Ramar Kawu Iro

Ku da kuka san Kawu Iro kun san bai taɓa shiga ɗakin ƙuryar nan nasa ba sai ya cire takalmi ya yi sallama. Kuma ba mutum a ciki, wallahi ko kyanwa babu. Rama ce. Ramar nan da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli ita yake wa sallama, har ya ɗan dakata a bakin ƙofa kamar mai jiran a ce masa ya shigo. Ni Rabi, 'yar ƙanwarsa mai sayar da dambu a bakin boda, na taɓa kasa haƙuri na ce, "Kawu, suna amsawa kuwa?"

Ya ce, "Sun hi ki ladabi. Su ba su katse ma babba magana."

Saboda yaran da suka taso daga baya, bari in faɗi asalin abin. Ramar ta kakarmu ce, mahaifiyar Kawu. Daga wani ƙauye can wajen Maraɗi ta zo da irin, ƙulle a bakin zane, lokacin da aka kawo ta aure ƙauyenmu Mazanya. Jan kara gare ta, ganyenta yatsu-yatsu, tsaminta kuma mai hankali, ba sai ka tafasa ka zubar ka sake tafasawa ba. Duk damina Kawu na shuka ta a gefen gero. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona, ya dawo cikin Jibiya da matarsa Inna Hajo da tabarma da kwalbar irin nan. Ya shuka a tsakar gida, ta fito gwanin sha'awa, sai awakin maƙwabcinsa Lawal Tela suka tsallako katanga suka yi walima. Abin da ya rage a kwalba bai cika cokali ba. Kawu bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya dai dubi awakin ya ce, "To, mun gama zama waje."

Daga ranar rama ta koma ɗaki, kuma ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan.

Kai, Kawu Iro! Mutumin da bai taɓa sayen abin da za a iya tsinta ba. Ya hau rufi da kansa ya cire kwano biyu, ya sa irin mai hasken nan da ya samo a wani rusasshen shago. Tukwanen shuka kuwa tsofaffin jarkokin mai ne da ake yarwa a bakin boda. Ya yanke su, ya wanke da toka har sai da hancin Inna Hajo ya ce babu sauran wari, don ita ce alƙaliyar wannan fanni. Ya bi tashar manyan motoci yana tsintar fasassun madubai, ya jera a bango don rana ta kai ga na ƙurya. Kowace safiya sai ya juya jarkokin ɗaya bayan ɗaya, wai kowane ganye yana da haƙƙin rana, kuma shi ba zai tsaya gaban Allah da zaluncin rama ba.

Abin da Inna Hajo ta kasa yafewa shi ne fanka. Ɗansu ya aiko musu da 'yar fanka mai sola saboda zafin bazara. Ko kwana ba ta yi a ɗakin Inna ba.

"Malam, tun da nike gidanka ba ka taɓa yi mani ko fifita ba. Yau ganye ke shan iska ni ina zuhwa?"

"Hajo, ke kina da ƙahwa. In zahi ya ishe ki sai ki hita ki sha iska. Su hwa, ina za su?"

Amma fa a yi wa mutum adalci, abin ya yi. Tsakiyar rani, lokacin da ko busasshiyar rama sai an yi yawo a kasuwa, ta Kawu tana taɓa rufi, ɗanya shar. Kowace Juma'a yakan kawo mini kwando guda in zuba a dambu. Direbobin Maraɗi har tsallake masu abinci uku suke su zo wajena. Sai dai ya kafa mini doka, kar in faɗi inda nake samu. Ɗakin kuwa ba mai shiga, har Inna Hajo. Kwaɗo biyu ya sa wa ƙofar, makullan suna rataye a wuyansa. Cewarsa akuya da bakin mutum duk ɗaya ne, kowanne cinye shuka yake.

To, a garin boda, tsoho ya kulle ɗaki da kwaɗo biyu, da madubai da fanka tana juyawa, me kuke zato za a ce? Lawal Tela ya leƙa ta tsagar taga ya hango ganye mai yatsu. Rama a gona kowa ya san ta, ko yaro. Amma rama a ɗaki tana shan fanka, ba wanda ya taɓa gani, don haka ba wanda ya gane ta. Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka, wai Iro na noman wiwi.

Na farkon da ya zo neman saye wani direban babbar mota ne, Sale Dogo, mutum da gemunsa har da furfura. Ya tsuguna a zaure ya rage murya.

"Baba, an ce kana da wiwi mai kyau. A taimaka mani da ta hanya."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Zamna." Ya shiga ɗaki, da sallamarsa, ya tsinko ganye, ya sa Inna Hajo ta yi kwaɗo cikin babban kwano, ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Ya dire gaban Sale. "Bisimilla. Kada ka rage."

Sale ya ci, ya ci, yana zufa yana satar kallon Kawu, har ya suɗe kwano.

"To, ka ji ta hau maka?"

"Baba, ni dai cikina ya cika."

"Ita ke nan. Tawa ciki take hawa, ba kai ba. Tashi ka tahi ka yi tuƙi da hankalinka, akwai ɗiyan mutane bisa hanya."

Mun yi dariyar wannan har da hawaye, amma maganar ba ta mutu ba, ƙara girma ta yi. A masallaci wasu suka fara barin tazara tsakaninsu da shi a sahu. Mutumin da ake kira raba gardamar iyakar gona, aka daina kiransa ko ɗaurin aure. Ni ma ta shafe ni, don matan da ke aiko sayen dambu sun daina, wai ba su san me nake zubawa ba. Duk wanda ya ce masa ya buɗe ɗakin a gani a huta, amsarsa ɗaya ce, "Shuka ba ta ƙarya." Ko me ka ce, shuka ba ta ƙarya. Har haushin kalmar nake ji.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, kuma gara in faɗa da bakina. Wata Juma'a da ya kawo kwandon na ce, "Kawu, don girman Allah ka buɗe ɗakin nan mutane su gani."

"Gidan kallo ne?"

Sai na ce, "Kawu, rama ce kaɗai a ciki?"

Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Ke ma, Rabi?" Ya ajiye kwandon a gabana kamar kullum, ya juya ya tafi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ran Lahadi da hantsi, kasuwa ta fara cika, wata mata ta zo da gudu ta ce masu kaki na hukumar hana shan ƙwaya sun tsaya da mota a ƙofar gidan Kawu. Na bar tukunya a kan wuta na ruga. Na tarar da layin ya cika maƙil, Lawal Tela a sahun gaba da tef ɗin awo a wuya. Shugaban jami'an wani dattijo ne mai natsuwa. Ya yi wa Kawu bayani da ladabi cewa an kai musu rahoto, za su duba ɗakin, kuma abin da suka samu za su kwashe a je a gwada.

Ni kuwa na san abin da jama'a ba su sani ba. Kwalbar nan babu ko ƙwaya ɗaya, Kawu ya shuka duka. Ramar tana cikin fure, 'ya'yanta ba su nuna ba. In aka tumɓuke ta ranar, ko da gobe an dawo an ba shi haƙuri, ramar kakarmu ta ƙare ke nan a duniya.

Kawu ya ciro makullai daga wuya.

"Ranka ya daɗe, hukuma ce, ba ni hana ta shiga. Amma ɗakin ga shina da doka. Takalmi waje, kuma a yi sallama."

Wani ƙaramin jami'i ya ce, "Baba, aiki muka zo."

"Ni ma aiki nike a ciki, kuma ban taɓa shiga da takalmi ba."

Aka yi cirko-cirko. Ni dai na ce yau Kawu zai kwana a ofis saboda takalmi. Dattijon ya dubi Kawu, ya dubi jama'a, sai ya durƙusa ya fara kwance igiyar takalminsa. Da oga ya cire, wa ya isa ya tsaya? Ga manyan takalma shida jere a bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum." Kawu ya ɗaga hannu alamar a ɗan dakata, sannan ya ce, "To, ku shiga."

Da ƙofar ta buɗe na hango ciki karo na farko a rayuwata. Kore ko'ina har rufi, jan kara a miƙe, furanni manya ruwan ƙwai masu jan ciki, madubai suna maido da su ta kowane gefe. Ƙaramin jami'in ya nuna ganye ya ce ai ga shi nan, yatsun iri ɗaya ne. Dattijon kuwa furen yake kallo. Ya miƙa hannun hagu zai tsinki ganye.

Kawu ya ce, "Da dama, ranka ya daɗe."

Ya sauya hannu, ya tsinka, ya tauna. Fuskarsa ta yamutse, sai kuma ya fashe da dariya. "Rama ce! Wallahi rama ce, kuma rabona da mai daɗin wannan tun tsohuwata na da rai." Ya ce ganye kaɗan ya ishe su su kai ofis, ba mai taɓa jarka ko ɗaya. Kawu da kansa ya zaɓo musu na ƙasa-ƙasa, waɗanda da ma zai cire.

Dattijon yana ɗaure takalmi ya ce, "Amma Baba, me ya sa ka kulle rama kamar zinariya?"

Kawu ya nuna Lawal Tela da baki. "Tambayi awakin wancan."

Layin nan ya ɗauki dariya har sai da Lawal ya nemi hanyar shagonsa. Kuma ranar, da ba wanda ya roƙe shi, Kawu ya bar ƙofar a buɗe har azahar. Jama'a suka yi layi, takalma a waje kamar masallacin Juma'a, kowa ya zo sai ka ji "Salamu alaikum," har masu barin tazara a sahu. Ina tsaye a gefe ina jin kaina ya yi girma, ina cewa duk wanda ya kalle ni, "Kawuna ne." Da aka watse na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi, tukunyarki ta ƙone."

Da 'ya'yan suka nuna ya cika kwalba uku. Dattijon jami'in ya dawo cikin kayan gida ya karɓi nasa irin. Karan kuwa Kawu ya jiƙa, ya ɓare, ya tufka igiya mai kauri da hannunsa, ya aika wa Lawal Tela. Saƙon da ya haɗa da ita gajere ne: "A gaida awaki."

Kullum yana cewa in hanya ta yi kyau zai mayar da ita Mazanya, don rama ba 'yar ɗaki ba ce, gudun hijira ta yi kamar mu. Allah bai nufa ba. Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya sa aka kira ni, ya cire makullan daga wuyansa ya sa mini a hannu. Na ce, "Kawu, ni da na yi maka zato?"

Ya ce, "Ke tambayata kika yi a gabana. Saura a bayana suka yi tasu. Kada ta ƙare a hannunki, Rabi."

Bana da aka ɗan samu sauƙi, ni da maigidana muka je Mazanya da rana muka shuka layi biyu a gefen tsohuwar gonar. Ɗakin ma ban bar shi ba, kuma fankar ta koma wajen Inna Hajo da rana, ita ta ce a bar wa rama da yamma. Da muka koma duba shukar, na tarar ta fito, jan kara, ganye yatsu-yatsu. Ban san lokacin da na zame takalmina a bakin kunya ba, na ji bakina yana cewa, "Salamu alaikum." Na tsaya ina jira.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yalwata masa makwanci, Ya sanyaya shi fiye da yadda ya sanyaya wa shukarsa. Yadda ya riƙe amanar mahaifiyarsa, Allah Ka ba mu ikon riƙe tasa. Ranar da zai yi sallama a ƙofar Aljanna, Allah Ka sa a amsa masa. Amin.