Alwyn Noske, Mai Akun da ke Tunatar da Matuƙa

Haihuwa da asali

An haifi Alwyn Noske a ranar 9 ga Satumba, shekarar 1938, a garin Kimba. Mahaifinsa Ottomar manomin alkama ne, jikan Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa yankin suka sare dajinsa, mahaifiyarsa Hulda kuwa ita ke kaɗa molo a cocin garin. Tun yana ƙarami an shaide shi da tambayar tsiya, domin bai taɓa ganin abu mai motsi ya ƙyale shi ba sai ya buɗe cikinsa, har da agogon bangon kakarsa, wanda bai sake nuna lokaci daidai ba.

Karatu, sana'a da aure

Ya bar makaranta a 1953, ya tafi garin Port Lincoln koyon kanikanci, sannan ya dawo gida a 1959 ya buɗe garejin gyaran injinan girbi. A watan Afrilu na 1963 ya auri Glenys Treloar. Ta wannan aure ya sami aminin da ya fi kowa shiga rayuwarsa, wato yayanta Col, gwanin askin tumaki, mutum mai baki kamar reza, wanda bai taɓa kiran Alwyn da sunansa ba sai dai Bajamushe.

Ƙera jirgi

A 1971 su biyun suka soma ƙera jirgin sama mai cin mutum biyu a rumfar askin tumaki, da katako da yadi da gam. Shekara takwas suka yi a kansa. Glenys ta sha cewa da jirgin da yayanta ba ta san wanda ya fi cinye mata miji ba. Jirgin ya tashi a 1979, suka riƙa zagaya gonaki da shi suna duba kwamin ruwan dabbobi.

Al'adar matuƙan irin wannan jirgi ita ce ba da makulli ake kashe inji ba. Mai ake datse masa har ya mutu don kansa, daga baya a murɗa makulli. Injin kuwa da kansa yake haifar da wutar fulogi, bai damu da batir ba, saboda haka muddin makulli na kunne, juya farfela da hannu kaɗai ya isa ya sa ta harba. Ga shi kuma ƙofar rumfar gajeriya ce, dole a kwantar da farfela kafin a tura jirgi ciki.

Hatsarin 1981

Da la'asar ɗin 14 ga Maris, 1981, suka sauka. Col ya zagaya gaba, ya ɗaga murya kamar kullum: "Ka kashe, Bajamushe?"

"Na kashe."

Bai kashe ba. Col na juya farfela don ya kwantar da ita sai ta harba sau ɗaya tak, ta tafi da yatsu uku na hannun damansa, tare da sana'ar da ya yi shekara ashirin yana ci da ita. Alwyn bai taɓa neman wa kansa uzuri ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne bai yi ƙarya ba, har zuciyarsa ya yarda ya kashe, kuma ya ƙuduri sai ya gano dalilin haka.

Bincike da ƙirƙira

Shekara biyu ya yi yana bin tarukan masu ƙera jirage yana jefa wa kowa tambaya guda: ka taɓa barin makulli a kunne? Da farko kowa sai ya ce, "Ni? Haba!" Sai an ci nama an sha shayi bakuna ke buɗewa. Cikin mutum sittin da ɗaya, arba'in suka amsa. Alwyn ya lura ba sababbin hannu ne suka fi yi ba, tsofaffi ne, kuma kusan kullum sai an yi musu magana ko wani tunani ya ɗauke musu hankali daidai lokacin da inji ya yi shiru. Ya tabbatar shirun ne ke yaudarar mutum, kunne ya ce an gama, hannu ya yarda.

A 1983 ya haɗa ƙararrawar wani mataccen injin girbi da ɗan abin da ke kunna fitilar man inji a mota, ya ba ta ƙaramin batir nata. Idan inji ya tsaya, daƙiƙa goma suka wuce makulli na kunne, sai ta tsandara ihu. Ta farko ba ta yi ba, ƙararta ba ta fi ta sauro ba. Ta uku kuwa, ranar da aka gwada ta, karnukan gona sai da suka shige ƙarƙashin mota. Matuƙa suka raɗa mata suna Akun Alwyn. Ya buga zanenta a takardar labaran ƙungiyar masu ƙera jirage, ya ce kowa ya kwaikwaya.

Tsakaninsa da Col

Jirage da dama sun ɗauki akun, amma mutum ɗaya Alwyn yake so ya karɓa. Col ya koma garin Cleve, ya yanke zuwa gidan ƙanwarsa sai ranar Kirsimeti, ya ƙera jirgin kansa da hannun hagu don taurin kai, ya gama a 1990. Daga wannan shekara, duk Kirsimeti Alwyn kan naɗe aku sabo ya ajiye kusa da farantinsa, Col kuma ya tura masa abinsa da ragowar yatsunsa biyu.

"Riƙe tsuntsunka, Bajamushe. Cikinmu an san mai mantuwa."

"Haba Yaya, ko don ni?" in ji Glenys.

"Ke miƙo min dankali."

Haka aka yi sau goma sha tara. Wannan abu ya ci wa Alwyn rai ƙwarai, domin a ganinsa ranar da Col ya karɓa, ranar ce ya yafe masa. Duk da haka bai fasa naɗewa ba ko sau ɗaya.

Rasuwa da jana'iza

Alwyn ya rasu a asibitin garinsu ranar 2 ga Yuni, 2009, bayan gajeriyar jinyar zuciya, yana da shekara saba'in. Ranar jana'iza jirage bakwai suka ratsa saman coci, suka sauka a gonar da ke daura da maƙabarta. Na Col ne na ƙarshe. Injinsa ya mutu, tsohon ya zauna a ciki ya kasa motsi. Narelle, babbar 'yar marigayin, ta nufi farfela don ta kwantar da ita yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Hannunta na sama sai ihun aku ya tashi daga cikin jirgin. Ta ja da baya da sauri.

Col ya murɗa makulli, ya sauko. Glenys ta tare shi: "Yaya, tun yaushe?"

"Tun shekarar casa'in. Daga zanensa na haɗa."

"To don Allah me ya hana ka gaya masa?"

Ya dubi akwatin gawar, ya amsa: "Da na gaya masa, da ya daina naɗo min. Ni kuwa wannan kyauta tasa nake zuwa gani."

Shi ya riƙe gaban akwatin da hannun hagu har bakin kabari, aka binne marigayin kusa da iyayensa. Ya bar matarsa Glenys, da 'ya'ya uku, Narelle da Warwick da Denise, da jikoki shida. Ya kuma bar aku na ashirin a naɗe a kan teburin garejinsa tun watan Mayu, da sunan Col a jiki, aka kai wa Col, kuma a wannan karo bai dawo da shi ba.