Akwatin da Sa'idu ya kulle a Miri

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sa'idu, Allah ya jiƙansa, amma akwatin da ya haɗa a lambunsa na Miri bai daina aiki ba. Girmansa bai wuce gwangwanin madara ba. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar na'ura da take kunna injin rijiyar burtsatse, ta kashe shi.

Sa'idu ya tsani ɓarnar wuta. Yakan ce yawancin masu rubuta wa irin waɗannan na'urori umarni suna barinsu su yi ta zagaye, suna tambayar abu ɗaya ba hutu, har batir ya mutu. Tasa barci take yi. Ta farka, ta duba ko tanki ya yi ƙasa, ta kunna inji, ta koma barci. Duk layin umarnin da ya ga bai zama dole ba a cikin zagayen nan, sai ya cire. Na taɓa zama da shi a shagonsa na Gwallaga yana murna kamar an yi masa haihuwa, don ya rage layi biyu.

Ɗaya daga cikin abin da ya cire shi ne tambayar ko akwai ruwa a rijiyar. A lokacinsa ba ta taɓa ƙafewa ba. Yanzu maƙwabta sun haƙa nasu, da bazara ruwan yakan ja baya, akwatin kuwa yana kunna inji a kan iska. Inji biyu sun ƙone. Da kayan lambun nan matarsa Hajiya Asabe take riƙe gida.

'Yarsa Hauwa ta gaji sana'ar. Ta ce min, "Baffa, gyaran ba wuya. Amma Baba ya kulle ƙwaƙwalwar, ba a iya karanta abin da ke ciki. In zan rubuta sabo, sai na share nasa duka." Ba mu da wani kwafi. Hajiya ta ce ita ba za ta ce a share ba, ni ne babba, in yanke.

Na zauna a Jamus, inda za a cire akwatin a sa sabo ba tare da an yi zance ba. Na zauna a Khartum da Garwa, inda za a ɗaura masa wata waya a gefe a lallaɓa. Hauwa ta ce hakan zai shanye batir, abin da mahaifinta ya ƙi jini. A sa sabon akwati a ajiye nasa a kabad kuwa, Hajiya ta ce da kashe shi duk ɗaya ne.

Na san abin da Sa'idu zai ce. Zai yi mana dariya, ya share da hannunsa kafin shayi ya huce. Abin da ya bari na gaske yana kan Hauwa, ba a cikin gwangwani ba. Na san haka. Amma duk sanda na je Miri na ji ƙarar nan ta kunnawa, sai in ji kamar yanzu Sa'idu ya yanke shawarar kunna injin.

Makon jiya Hauwa ta zo da kwamfutarta. Na ce ta bari damina ta wuce. Ta ce, "Baffa, haka ka ce bara."