Hannun Don Evelio

Shekara arba'in Don Evelio Tangarife yana yi wa motocin ƙauyenmu fenti, waɗannan masu jikin katako da ke hawa dutse da buhunan kofi da kaji da mutane. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka na san masifarsa fiye da kowa. Direbobi sun yi imani motar da ya zana ba ta faɗawa rami. Shi kuwa in ya ji haka sai ya hasala, ya ce su je su duba birkinsu.

Bara wasu samari suka zo daga birnin Medellín suka sayi zanensa, wai za su sa a wasan caca na waya. Ya karɓi kuɗinsa, ya kafe sai an rubuta sunansa a gefe kamar yadda yake yi a kowace mota. Nan ya yi wauta, kuma na faɗa masa.

Wasan na fitowa gari ya ɗauka. Motoci uku in sun jeru ka ci. Mutanenmu suka ga sunan Evelio a ƙasa, suka ce hannun da bai taɓa kayar da mota ba ai ba zai kayar da mutum ba. Aka shiga gardama a kasuwa, wannan ya ce jar mota ce ke biya, wancan ya rantse rawaya ce.

Wata safiya ina gasa arepa, wainar masararmu, a ƙofar gida, sai ga Albeiro direba ya zo wurin Don Evelio, ido ya faɗa. Alfadarinsa ya sayar ya zuba a wayar.

"Don Evelio, don Allah ka faɗa min launin. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Wane launi, ɗan nan?"

"Haba maigida! Kai ka zana fa. Jiya biyu sun jeru, ta ukun saura ƙiris, har oda ta yi."

"Oda ta yi, aljihunka ya yi me?"

Albeiro ya mayar da wayar aljihu. Ni kam raina ya ɓaci, don na san matarsa.

A gabanmu tsohon ya kira kamfanin wasan. Wata yarinya ta ɗauka, kuma ta yi masa gaskiya: na'ura ta riga ta yanke ci ko faɗuwa kafin hoton ya motsa, zanen riga ce kawai. Ya ce to su cire sunansa. Ta ce ai ya riga ya sa hannu a takarda, ba yadda za a yi.

"Madalla," in ji shi. "Ai hannun yana nan."

Ranar ya fara. Duk motar da aka kawo gyara, sai ya rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe: NI NA ZANA WASAN NAN. FENTI BA YA BIYA. EVELIO. Direban da ya yarda, kyauta yake masa fentin gaba ɗaya. Wasu suka ce ɓoye sirri yake, suka ƙara wasa. Wasu suka daina gaishe shi. Kamfanin ya soke aiki na biyu da aka yi masa alkawari, sannan ya turo takardar lauya.

Na same shi a kan tsani, yana kan mota ta goma sha ɗaya, takardar na ƙarƙashin gwangwanin fenti. Tsoro ya kama ni, don shekarunsa saba'in da biyu kuma ba shi da kowa sai ni da nake zaginsa.

"Maƙwabci, ka sauko mu yi magana. In suka kai ka kotu fa?"

Bai ko waiwayo ba.

"Su kai ni, Marleny. Hanya ɗaya ce ke shigowa garin nan. Alƙalin ma bayan mota zai biyo, ya karanta kafin ya iso."