Mahfuza, Mai Jinya a Dubai

Mahfuza 'yar Gwammaja ce a birnin Kano, kuma har ta cika shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa wuce Zariya ba. Malama ce a wata Islamiyyar matan aure. Da safe tana makaranta, da yamma tana kan 'ya'yanta biyar. Mijinta, Alhaji Abdulganiyyu, shi ne matafiyin gidan. Duk bayan wata biyu yana Dubai, yana saro tayil da kayan banɗaki, ya loda a kwantena ya dawo.

A ƙarshen watan Mayu na 2008 aka bugo mata waya. Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a wani ofishin kago, na aika kaya, a unguwar Al Khabaisi ta Dubai. Jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ƙi magana. Cikin kwana goma 'yan kasuwa abokansa suka yi mata fasfo da biza, ta bar yaran a hannun ƙanwarta, ta hau jirgi karon farko a rayuwarta. Ta ɗauka sati biyu za ta yi. Kaya kala uku kawai ta saka a jaka.

Bayan wata ɗaya da rabi asibiti ta sallame shi, amma ba zuwa gida ba. Likita ya ce jini yana iya sake daskarewa idan ya yi doguwar tafiya a sama, kuma jirgi ba zai ɗauke shi ba sai da takardar likita. Sai aka kai su ɗakin da Alhaji yake sauka a unguwar International City, a hawa na uku, ɗaki ɗaya da banɗaki da ɗan wurin girki.

Nan duniyarta ta tsaya. Ta juya shi duk bayan awa biyu, ta goge masa jiki, ta dama masa kunu ta ba shi da cokali, rabi ya zubo ta gefen baki. Mutumin da muryarsa take cika tsakar gida, yanzu sai dai ya bi ta da ido. Waje kuwa fita ba ta yi mata sauƙi. Zafi kamar bakin murhu, gine-ginen duk iri ɗaya, launi ɗaya. Ranar da ta fara fita neman magani ta kasa gane ƙofarsu, ta yi kusan awa biyu tana zagaye, ba Larabcin titi, ba Turanci, tana tunanin ya shaƙe da miyau babu kowa kusa. Daga ranar ta daina sauka ita kaɗai.

Wadda ta tsince ta a ranar ita ce Salamatou, 'yar Damagaram da ke hawa na biyu, mai dafa tuwo tana kai wa 'yan kasuwa. Mijinta, Souleymane, direban tasi ne. Salamatou ta ji tana salati da Hausa a gindin bene, ta kama hannunta ta kai ta har ɗaki.

"Malama, courage, ki daure," in ji ta. "Daga yau in kina son abu, ki buga ƙasa da ƙafa sau uku. Ni ce a ƙarƙashinki."

Duk ranar Talata Souleymane yake ɗaukar su zuwa asibiti. Duk Talata likita ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Shwaiya, shwaiya." A hankali, wato. Mahfuza ta tsani kalmar nan.

Abin da ya fi jinyar cin ta shi ne tsoro. Tana tsoron numfashinsa idan ya canza. Tana tsoron ƙarar waya, kada a ce wani abu ya sami yaran. Bayan azahar, idan ya samu barci, sai ta buɗe Alƙur'aninta ta nufi wurin da aka ba da labarin Annabi Ayuba da Annabi Yunusa. Ta sha koyar da waɗannan ayoyi, ta sha gaya wa mata su yi haƙuri. Yanzu tana karantawa bakinta na motsi, ƙirjinta a daskare. Akwai maganar da take son faɗa wa Allah, amma tana jin kamar rashin ladabi ne, sai ta haɗiye.

Ana cikin azumi bizarta ta ƙare. Wani eja da abokan Alhaji suka haɗa ta da shi ya ce abu ne mai sauƙi: za ta fita zuwa tsibirin Kish da ke wata ƙasa maƙwabciya, tafiyar rabin awa a jirgi, ta kwana biyu, sabuwar biza ta fito ta dawo. Kowa haka yake yi.

"Wa zai juya shi?" ta tambaya.

"Souleymane zai ajiye mota kwana biyu," in ji Salamatou. "Khalas, shi ke nan, ki je."

Da za ta fita, Alhaji ya damƙe bakin mayafinta da hannunsa mai lafiya. Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Jibi in sha Allah, Alhaji. Jibi kawai."

Jibi ya zo, biza ba ta fito ba. Sati ya wuce. Ejan ya ce an canza ƙa'ida, a ƙara haƙuri, daga baya ya daina ɗaga waya. Aka tara su mata bakwai a ɗaki ɗaya na wani ƙaramin otal, kowacce da yarenta. Kullum da hantsi sai a yi cincirindo a gaban teburin karɓar baƙi, wani mutum ya karanto sunayen waɗanda tasu ta fito. Kullum Mahfuza tana tsaye har ya naɗe takardarsa.

A cikin matan akwai Mariya, 'yar Zonkwa, Kirista, mai aikin kitso a unguwar Al Karama ta Dubai. Ita kaɗai ke jin Hausa. Ita take ara wa Mahfuza waya ta kira Salamatou, ita take ajiye mata burodi da shayi na buɗa-baki. A rana ta goma sha huɗu Salamatou ta ce a waya, da murya ƙasa-ƙasa, Alhaji ya ƙi cin abinci kwana biyu, kuma ƙurji ya fito masa a baya.

Mahfuza ta ajiye wayar, ta fita ta zauna a bayan otal, inda ake hango teku. Ƙasar da mijinta yake tana can ƙetare, ba nisa, ba hanya. Mariya ta biyo ta da ɗan littafinta mai baƙin bango.

"Malama, kin yi shiru da yawa. Ki yi kuka mana."

"Ina tsoron in buɗe baki in faɗi abin da zai zama saɓo."

"Kamar me?"

Mahfuza ta ce, "Kamar in ce na gaji."

Mariya ta shafa bangon littafin. "Mu a Zabura, Dawuda yana tambayar Ubangiji sai yaushe. Yana ce masa ƙarfinsa ya ƙare, ruwa ya kai masa wuya. Ni dai kullum nan nake buɗewa, don ban iya addu'a mai tsari ba."

Mahfuza ta tashi ta koma ɗaki. Da ta yi sallar la'asar, ta koma kan ayar Annabi Ayuba, sai ta lura da abin da ta sha wucewa. Bai ɓoye ciwonsa ba. Ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta taɓa shi, ya ambaci rahamarsa, ya tsaya nan. Ta kifa goshi a kan darduma, ta yi magana da Hausarta ta tsakar gida.

"Ya Allah, na gaji. Tsoro nake ji. Mijina yana can ba ya iya korar ƙuda, 'ya'yana suna can, ni ina nan. Ba ni da dabara ko ɗaya. Kada ka bar shi ya mutu yana zaton guduwa na yi."

Ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Washegari ba a kira sunanta ba, haka ma jibi. Abin da ya canza kaɗan ne: ta fara iya cin abinci, ta kuma nemi a kara wa Alhaji waya a kunne, ta yi ta yi masa magana ko da ba ya amsawa, ta ce ya ci don Allah. Salamatou ta ce ya sha kunu rabin kofi.

A tsibirin ta yi Sallah, da kayan da ta zo da su. A rana ta ashirin da uku aka kira sunanta, an karanta shi a karkace har sai da Mariya ta zungure ta. Ita Mariya tata bizar ba ta fito ba tukuna. Suka rungumi juna a bakin mota, Mahfuza ta cire zoben azurfarta ta saka mata a yatsa.

Ta tarar da Alhaji ya rame, ƙashin wuyansa a waje. Souleymane bai fita aiki sosai ba duk tsawon kwanakin, shi yake masa wanka da aski. Da Alhaji ya gan ta, ya kau da kai wajen bango, ya yi kwana biyu ba ya kallon ta. A rana ta uku tana wanke masa ƙurjin, ya kamo hannunta ya ɗora a kan fuskarsa.

A tsakiyar Nuwamba likita ya sa hannu. Aka shigar da Alhaji jirgi a keken marasa lafiya, Mahfuza tana riƙe da jakar magunguna. Ya rayu shekara huɗu bayan haka a gidansa na Gwammaja, ya koma iya kiran sunayen yara uku daga cikin biyar. Mahfuza ta sha gwada lambar Mariya daga Kano, ba ta taɓa shiga ba.