Man Birkin Manaja

Har yau idan na buɗe tukunyar man birki, wata Litinin ce ta ƙarshen shekarun saba'in ke faɗo mini a rai. Lokacin ni ne babban makaniki a garejin wata masaƙa a Bompai. Manajanmu Bature ne, Dogo muke ce masa a bayan idonsa. Yana da wata jar mota 'yar Ingila mai kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa kamar bahon wanka. Tsakanin motar da matarsa, kowa a masaƙar ya san wadda ya fi so.

Da safe ya shigo harabar a guje, ya taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. Kuloci ma ya hana shi sauya giya. Dilolin auduga ne suka tare shi. Yana fitowa ya ɗora laifin a kan Malam Ilu, direban da ke wanke motar, ya ce ya tattara kayansa. Mutum mai 'ya'ya bakwai. Na roƙa a dakata in duba, aka ba ni zuwa lokacin tashi daga aiki.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, birki da kulocin irin motar nan da mai suke aiki, kuma tukunya ɗaya suke sha. Idan ƙafa ta nutse, ko yoyo ne, ko iska ta shiga bututu. Na bi ƙafafun motar huɗu, ba yoyo. Na fitar da iska sau biyu, Bulus abokin aikina yana takawa har cinyarsa ta yi tsami, a banza. Da na kwance famfon da ke tura man, sai na tarar robobin ciki sun kumbura kamar dafaffiyar ganda. Na ɗiga man a ruwa. Man birki gaurayewa yake da ruwa, wannan kuwa ya taso sama yana ƙyalli. Wato wani ya zuba man da ba na birki ba, shi ya cinye robobin.

Ilu ya rantse an hana shi taɓa wurin. Sannan ya rage murya ya ce duk Lahadi maigidan da kansa yake buɗe inji, da gajeren wando, da wani gwangwani a hannu.

Na shiga ofis na rusuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni irin man da kake ƙara mata, kada in haɗa mata wani daban."

Ya miƙo mini gwangwanin man injinan saƙa, yana alfahari wai ya fi namu tsabta. Na ɗiga a kofin ruwansa, na bayyana masa abin da yake gani. Kunnuwansa suka yi jawur.

"Wa ya sani?"

Na ce ni da Bulus kaɗai. Alhali har mai ƙosai ta bakin ƙofa ta riga ta ji.

A rahoton aiki na rubuta cewa zafin Kano ne ya lalata robobin, ya sa hannu bai ɗago kai ba. Na wanke bututan tas, muka yi sati uku muna jiran sababbin robobi daga Ikko. Duk kwanakin nan Ilu ne ke kai shi gida a akori-kurar kamfani, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Ku masu tasowa, kafin ku kwance komai, ku tambayi wa ya taɓa motar a ƙarshe. Idan kuwa mai laifin shi ne ya ɗauke ku aiki, ku ɗora wa rana. Ita ba a korarta.