Bangon Don Melitón Ba Ya Mantuwa

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Don Melitón Achahui ya riga ya sha romon dankalinsa, ya cusa ganyen koka da mutanenmu ke taunawa a kumatu, ya saɓa tsani. Shekara arba'in ke nan yana rubutu a bangayen garinmu Kantumarka: sunan kanti, ranar bikin waliyyi, sanarwar rigakafin tumaki. Amma aikin da ya sa nake jinjina masa yau, yanzu da ido ya gaza har zai ajiye burushi, shi ne na lokacin zaɓe.

A nan, ɗan takarar da sunansa bai hau bango ba bai fito ba. Shi kuwa Melitón yana da sharaɗi. Zai rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, amma a ƙasa sai an sa abu ɗaya da za ka yi, da ranar gamawa, ka tsoma tafin hannunka a jan fenti ka manna. Wanda ya ce masa "ci gaba" ko "sabuwar rayuwa", sai ya dube shi a kaikaice.

"Ci gaban nan mita nawa ne, ranka ya daɗe? Faɗa mini abin da zan iya taɓawa."

Da yawa sun fusata sun ɗauko masu fenti daga birni. Mu kuma da mun ga bango ba tafin hannu, mun san akwai lauje cikin naɗi. Mutanen Kantumarka ba mu da saurin yarda, ni da nake rubutun nan ma na fi kowa.

Shekara huɗu da suka wuce Injiniya Rómulo Taipe ya nemi kujerar magajin gari. Shi ne ya riƙe 'yar Melitón, Zenobia, ranar baftisma, don haka kompadre suke kiran juna. A wurinmu kompadre ya wuce aboki. Idan ya shigo gidanka da tulun giyar masara ya roƙi abu, ba ka da bakin cewa a'a. Rómulo ya manna hannunsa a babban bangon hanyar kogi: gada cikin shekara biyu. Har yau a kwandon ƙarfe muke ƙetarewa, ana jan sa a kan igiyar waya. Zenobia, wadda ke koyarwa a hayin kogin, tana hawansa safe da yamma, tun tana da ciki har ta koma goyo.

Bana doka ta hana Rómulo tazarce, sai ya ɗaga ido zuwa kujerar lardi. Bangon nan kuwa kowace motar haya ta gabansa take wucewa. Wata Lahadi bayan coci aka gan shi ya nufi gidan Melitón da tulu. Doña Eufrasia, matar gidan, ita ta ba mu labari daga baya.

"Kompadre, tsohon rubutun nan ya ƙazantar da gari. Shafe mini shi."

"Gadar fa, kompadre?"

"Takardu suna babban birni. Ni zan yi maka ƙarya? Ni da na riƙe 'yarka?"

"'Yar tawa ce ke lilo a kwando."

"Haba kompadre! Roƙonka nake yi."

Melitón ya daɗe yana kallon tulun, sannan ya karɓa ya sha. Washegari da hantsi ya shafe bangon fari fat.

Ba zan ɓoye ba, mun ci namansa. A kasuwa wata mai sayar da cuku ta ɗaga murya, ta kira shi da laƙabin da muke yi wa gwanaye: "Maestro, ashe kai ma kana da farashi? Da ka faɗa, ai da mun yi karo-karo!" Aka daina gaishe shi. Ni da kaina na ce an yi masa alkawarin aikin fentin ofishin lardi, ba tare da na ga komai ba. Sunan da ya gina shekara arba'in ya rushe cikin mako uku. Shi kuwa kullum da yamma sai ya tsaya a ƙofar gida yana duban sama.

Kwana biyar kafin zaɓe ruwan farko ya sauka. Da aka ɗauke, masu jiran kwando suka ga ja yana ɓullowa ta cikin farin: sunan, gadar, ranar, da tafin hannun nan yatsu biyar. Ashe farar ƙasa zalla ya shafa a kan fentin mai, ko gishiri bai sa mata ba balle ta kama. Kafin la'asar hoton bangon ya zaga wayoyin lardi.

Rómulo ya zo yana huci. "Ka ci amanata!"

"Ka ce in shafe, na shafe, kompadre. Ruwan sama ne bai sha giyarka ba."

Rómulo ya faɗi zaɓe. Tun ranar bai sake taka gidan Melitón ba, ko jaririn Zenobia bai zo gani ba, kuma na san abin yana ci wa tsohon rai.

Kai ne, Don Melitón, mai hannun da ba a saye. Kai ne ka haɗiye zaginmu kana jiran hadari. Mun zarge ka, ka yafe mana. Mun gode.

Sauran masu burushi, da ku masu ba da bangon gidajenku don hula da riga, ku yi koyi da shi. Duk wanda ya zo da murmushi, ku tambaye shi me, ku tambaye shi yaushe, ku miƙa masa jan fenti.

Sabon magajin gari ya aiko a makon jiya, wai zai karrama Melitón da lambar yabo a dandali. Tsohon ya ce a gaya masa ya gode, amma a yi bikin a kan gada. Har yanzu ba a sa rana ba.