Jar Fitilar Mai Jita

Dattijon yana tsaye a gaban teburin mai gyaran rediyo, ya ƙi zama. Rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli, yatsunsa na hagu duk kanta, irin ta wanda ya tsufa da jita a hannu. Abin da ya kawo ɗan akwatin ƙarfe ne na zamanin da, wanda ake takawa don sauya amon jita. Fentinsa ya goge daidai inda takalmi ke sauka.

Mai gyara ya jona shi da jitar da lasifika, ya kaɗa tsirkiya, ya danna. Amo ya sauya nan take.

"Baba, ai lafiyarsa ƙalau. 'Yar jar fitilar ce kawai ta mutu, kuma fitila ai ado ce."

Bakin mai gyara dattijon yake kallo, ba idonsa ba.

"Ɗana, ka rufa mini asiri," in ji shi, da murya mai ƙarfi fiye da kima. "Gobe muna da wasa."

Sai yanzu mai gyara ya lura. Ƙarar ta cika shagon har tela maƙwabcinsa ya leƙo, amma fuskar dattijon ko gezau. Wataƙila abokan kiɗansa ba su sani ba. Wataƙila an daɗe wannan ɗigon ja ne kunnensa.

Dattijon ya sunkuyo kan mataccen ƙwan.

"Ɗana, yanzu ka kunna shi ne, ko ka kashe?"